ZANCEN ƘARFE DA MOTA: Faifan Roba Da Ke Riƙe Da Sitiyari

A wannan fitowa za mu yi magana a kan wani ɗan abu da ke cikin mota, wanda faɗinsa bai fi tafin hannun babban mutum ba, kaurinsa kuwa bai fi na yatsa ba, amma in ya yanke, to, direba yana riƙe da sitiyari ne kurum, motar kuwa tana tafiya inda ta ga dama. Fitoci suna ce masa kofilin. Mu a nan za mu riƙa kiransa faifan sitiyari, domin kamarsa ke nan, faifai ne na baƙar roba mai huda 4.

Abin da ya jawo wannan zance shi ne, 'yan shekarun nan samarinmu sun waiwayi tsofaffin motoci. Motar da ta shekara 20 ƙarƙashin mangwaro a bayan gida, kaji na ƙwai a kujerarta, sai ka ga an jawo ta an kai Suame Magazin a nan Kumasi, ko Kokompe a Ankara, an yi mata fenti, an sake inji, an sa mata faffaɗan taya da rediyo mai girgiza unguwa. Mu dai mun yi murna da haka, gama yaron da ya yini a gareji ya fi mana wanda ya yini a bakin titi, kuma motar kaka ta fi kyau a kan hanya bisa ga a sayar da ita kilo-kilo ga masu tsohon ƙarfe. Amma fa mun lura kuɗin duka wajen abin da ido ke gani su ke tafiya. Ga shi kuwa irin waɗannan motoci ba a fito da su sai ranar taro, ranar Salla, ko ɗaukar amarya, ko tariyar alhazai, watau ranar da motar ke cike da 'ya'yan mutane, hanya kuma ke cike da masu kallo.

Za mu ɗauki Volkswagen mu yi misali da ita, wadda wasu ke ce wa kwaɗo, wasu kunkuru, domin ita ce samari suka fi tayarwa. Motar Jamus ce, daga garin Wolfsburg, kuma ba a daina ƙera ta ba sai ran 30 ga Yuli 2003, a garin Puebla na ƙasar Meksiko, bayan an yi fiye da miliyan 21. Har a Ikko an riƙa haɗa ta tun daga 1975. Amfanin faɗin wannan shi ne a san kayanta ba su yanke daga duniya ba, har yau ana yin sababbi, saboda haka ba wanda zai ce ya nemi faifai ya rasa. Peugeot 404 da 504 ma suna da irin faifan nan, mafi yawan abin da za mu faɗa ya shafe su. Sai dai masu Volkswagen 1302 da 1303, waɗanda aka soma fitarwa tun 1970, su nasu ginin daban ne, gaɓoɓin ƙarfe ne a wurin.

To, ga yadda abin ya ke. Kambun da direba ke riƙewa yana bisa kan wata doguwar sanda. Sandar ta gangara ta huda bangon motar ta gaba, ta shiga ƙarƙashin tankin mai, gama a wannan mota inji na baya, tanki na gaba. A can ƙasa akwai akwatin sitiyari, wanda ke karɓar juyin sanda ya mai da shi turin ƙafafun gaba zuwa dama ko hagu. Shi akwatin an ɗaure shi ne a jikin na saman bututun nan biyu da ke ɗauke da ƙafafun gaba. Watau sanda ta bodi ce, akwati kuwa na ƙarƙashin mota ne, kuma ko wanensu da irin motsinsa in an hau gargada. Da a ce an haɗa su ƙarfe da ƙarfe, da ko wane dutsen da taya ta taka sai direba ya ji shi a kafaɗarsa, akwatin ma ba zai yi ƙarko ba. Don haka aka sa roba a tsakani. Jamusawa suna kiransa faifan Hardy, da sunan wani Bature na garin Coventry a Ingila wanda ma'aikatarsa ta yi suna da yin irinsa tun farkon zamanin mota.

A ƙarshen sanda akwai wani ƙarfe mai kunne biyu, a bakin akwati ma akwai irinsa, an gicciya su. Kusa biyu masu noti sun kama faifan da kunnuwan sanda, biyu sun kama shi da kunnuwan akwati. A lura da wannan da kyau: babu kusa ko ɗaya da ta haɗa ƙarfen sama da na ƙasa. Duk ƙarfin da hannun direba ya sa, ta cikin robar nan ya ke bi kafin ya kai ga taya. Shi ya sa ba roba zalla ba ce. In ka duba gefen faifai na kirki za ka ga layi-layi na saƙar zare a cikinsa, kamar yadda a ke gani a bel ɗin fanka, ko wace huda kuma an sa mata ɗan bututun ƙarfe domin kusa ta ɗaure a kan ƙarfe, kada ta ci robar. Zaren nan shi ne ran faifan. Roba tana iya tsufa ta tsattsage, zaren ya riƙe har mai mota ya farga.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. An yi faifan nan ne domin ya shanye girgiza da ɗan motsi kaɗan, digiri ƙalilan. Masu ƙera motar sun saita sanda da akwati suna duban juna sak, kamar rariya da bakin tulu, faifan na zaune a miƙe a tsakaninsu. In aka goce da ɗayansu, sai faifan ya zauna a lanƙwashe. Duk juyin da aka yi wa sitiyari, gefe ɗaya na miƙewa, ɗaya na matsewa, in an ƙara rabin juyi su yi musanya. Kowa ya san yadda a ke yanke waya in ba almakashi, lanƙwasa ta a ke yi gaba da baya har ta gaji. Haka zaren cikin faifan ke gajiya, kuma daga ciki ya ke somawa, wajen hudojin, inda ido ba ya kaiwa.

Me ke gotar da su? A ƙasar nan na farko shi ne tarihi. Manyanmu sun tuna da zamanin da a ke tuƙi ta hannun hagu, yadda Ingilishi suka bar mana, sitiyarin yawancin motoci kuwa yana dama. Ran Lahadi 4 ga Agusta 1974, zamanin mulkin Kanar Acheampong, ƙasar Gana ta koma tuƙi ta hannun dama, domin ta dace da maƙwabtanta, Togo da Kwaddibuwa da ƙasar da yanzu a ke kira Burkina Faso. Saliyo ta riga ta yi haka a 1971, Nijeriya kuma a watan Afrilu 1972. Bayan nan masu motoci da yawa suka kai aka ƙaurar musu da sitiyari daga dama zuwa hagu, kuma sana'ar ba ta mutu ba, ana yi wa motocin da a ke kawowa daga Japan da Ingila. Ba mu raina aikin fitocinmu ba. Mutanen Magazin, wadda ta samo sunanta daga ma'ajiyar makaman soja ta zamanin Turawa inda masu sana'ar suka fara zama, suna yin abin da in an faɗa a wata ƙasa sai a ƙaryata. Amma ƙaurar da sitiyari na bukatar a huda sabuwar kafa a bangon mota, a zame da akwati zuwa ɗaya gefen bututu, inda babu alamar da masana'anta ta sa domin ya zauna daidai. Wanda ya auna da ma'auni ya dace. Wanda ya auna da ido, ya goce da rabin inci, to, faifan ne zai yi ta biyan bashin har ranar da ya gaza.

Na biyu shi ne abin da samarin yanzu ke ƙarawa. Wani zai ɗaga bodi da inci 2 ko 3 domin motar ta iya hanyar ƙauye, ya manta sanda ta tashi tare da bodi, akwati kuwa yana nan inda ya ke. Wani kuma ƙasa zai yi da gaban motar don ƙawa, ya rage faɗin bututu, ya cusa 'yan ƙarafa a bayansa, akwatin ya karkata da shi. Sa'an nan ga faffaɗar taya. Tayar da motar ta zo da ita siririya ce, ba ta da wuyar juyawa. In ka sa mai faɗi, ta kama ƙasa da yawa, ƙarfin da a ke bukata a juya ta ya ƙaru, tun ba in mota na tsaye ana kokawar fita daga lungu ba, irin lungunanmu na Aboabo da Asawase. Wannan ƙarin ƙarfi duka ta cikin faifan ya ke wucewa. Ƙara girman inji kuwa, da samari ke alfahari da shi, bai taɓa faifan ba ko kaɗan, illa dai ya sa in ya yanke, a guje zai yanke.

Kwanan baya mun tsaya a wani gareji inda aka kawo irin wannan mota, ƙirar 1966, wadda wani saurayi ya gada daga kakansa. An ƙaurar mata da sitiyari tun zamanin kakan, shi kuma jikan ya ɗaga ta, ya sa mata manyan tayoyi. Faifai na uku ke nan ya zo sakewa cikin shekara biyu. Ya ce, "Masta, robar zamanin nan ba ta da kyau, wannan karon a nemo mini ta Jamus ko nawa ne." Tsohon bai ce masa kome ba. Ya kwance kusoshin nan 4, ya zare faifan, sai sandar ta yi tsalle ta koma inda ta ke so ta zauna, kunnuwanta suka tsaya sama da na akwati da kaurin yatsa guda da wani abu. Ya kira shi ya ce, "Ɗana, zo ka leƙa. Ka ga nan da nan? Ba su san juna ba. Robar ce ke jawo su da ƙarfin tsiya tana haɗa su dare da rana, ko motar na kwance a gida. Ko daga hannun wanda ya ƙera motar ka karɓo faifai, wata shida zai yi maka." Saurayin ya ce to a ɗaure sabon hakanan tukuna, bayan Salla a yi babban aikin. Tsohon ya ce, "Ba da sifanata ba."

Mun ga wannan amsa ta yi daidai, ko da ya ke mun san akwai garejin da za a karɓi kuɗinsa a ɗaure masa. Sake faifai aikin sa'a biyu ne, yaron gareji ma ya iya. Abin da ke bambanta gwani da wanda ba gwani ba shi ne wannan dubawa da tsohon ya yi bayan ya zare tsohon faifai, kafin ya ɗauko sabo.

Kafin mu zo ga aikin, bari mu ambaci gyare-gyaren da muka ƙi. Akwai masu yanka faifai daga tsohuwar taya ko bel ɗin injin niƙa, su huda shi da jan ƙarfe. In mutum ya lalace a daji tsakanin Kintampo da Buipe, ya yi haka domin ya lallaɓa zuwa gari, ba mu ga laifinsa ba. Amma ya isa gari ya bar shi, wannan gyaran gangar Abzinawa ne. Zaren taya an shimfiɗa shi ne domin ya riƙe iska, ba a shirya shi don murɗa ba, hudojin kuma ba su da bututun ƙarfe, kusa za ta yi ta cin su har su zama baki ɗaya. Akwai kuma wani faifai ja ko rawaya mai ƙyalli, na wata irin roba mai tauri kamar filastik, da a ke tallarsa wai ya fi ƙarfi. Babu zare a cikinsa. Masu irin motar nan a Turai da Amurka sun daɗe suna gargaɗin juna a kansa, domin shi ba ya tsufa a hankali yadda za a gani, darewa ya ke yi gaba ɗaya.

Mafi muni duka shi ne walda. Wani in faifai ya dame shi sai ya ce a jefar da shi, a liƙe sanda da akwati da wuta, a huta. Motsin da bodi ke yi bai daina ba don an yi walda, sai dai yanzu ba abin da zai shanye shi, sai ya koma yana cin bakin waldar, ko ya ci cikin akwati. Wuta kuma tana sauya halin ƙarfe, wurin da ta taɓa ya kan yi gautsi, ya karye ba sallama. Har wa yau, motocin da aka yi daga ƙarshen 1967 zuwa gaba an sa wa sandarsu wani yanki mai kama da raga a can ƙasa, domin in an yi karo ta gaba ya murƙushe, kada sandar ta taso ta soki ƙirjin direba. Dokar Amurka ce ta tilasta irin wannan kariya daga 1968. Mun ga motar da aka yanke ragar nan aka sa guntun rodi a madadinta, wai ragar ta yi tsatsa. Wanda ya yi haka mashi ya kafa ya saita shi ga mai motar.

Yaya mutum zai san nasa ya gaji? A tsai da mota a wuri mai daidai, ƙafafu a ƙasa suna duban gaba. A taɓa kambun sitiyari da yatsa biyu, a kaɗa shi dama da hagu. In ya yi wasan da ya wuce inci 1 kafin taya ta motsa, akwai magana, ko da ya ke ba lalle faifan ba ne, akwatin ko ƙarafan da suka tafi ga taya ma su kan kawo haka. Sai mutum ɗaya ya zauna yana kaɗawa da ƙarfi, ɗaya ya leƙa da tocila ta bayan ƙafar gaba ta wajen direba. In sanda ta motsa, kunnuwan akwati suka yi jinkirin binta, ko aka ga tsaga tana buɗe baki tana rufewa, ko zare ya fito kamar gemu, ko robar ta yi laushi ta kumbura, an gama magana. Kumburin nan yawanci fetur ne, gama tanki na bisa kansa, in tiyo na ɗiga a kansa ya ke ɗiga, man fetur da baƙin mai kuwa abokan gaban roba ne. Wanda ya sake faifai bai toshe yoyon ba, zai dawo. Takardar lafiyar mota da ke manne a gilashi kada ta ruɗi kowa, shaidar ranar da aka duba ce.

To, ga aikin. A fara cire wayar batir, yana ƙarƙashin kujerar baya. Ana iya kaiwa ga faifan ta wajen taya, amma wanda ke son ya ga abin da ya ke yi, tanki zai ɗaga. A tsiyaye man cikin galan mai murfi, a matse tiyo, a kwance igiyar ma'aunin mai da kusoshi 4 da ke danne da tankin. Tankin nan na cin wajen lita 40, kuma wanda ba kome a cikinsa sai tururi ya fi cikakke haɗari. A yi aikin a fili, nesa da mai walda, nesa da mai taba, nesa da kurfotin mai ƙosai. Mun faɗi haka ne domin mun san garejinmu, da mai koko da mai walda da mai fenti duk inuwa ɗaya su ke sha.

A miƙe ƙafafun gaba, a sa alamar alli ko fenti a kan sanda da kunnuwanta da bakin akwati, yadda kome zai koma mazauninsa. In notunan sun yi tsatsa a jiƙa su da mai tun daren jiya. Sifana mai lamba 13 biyu a ke bukata, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta juya, tsofaffin ƙira ƙwarai kuwa 14 su ke ci. In faifan ya ƙi fita don wuri ya matse, a sassauta kusar da ta matse ƙarfe mai kunne a bakin akwati, a zame shi kaɗan. Kada a ɗauki guduma a bugi bakin akwati, a ciki akwai 'yan ƙwallayen ƙarfe da bugu ɗaya ke yi wa tabo, daga nan sitiyari ya riƙa ciza har abada.

Sa'ad da faifai ya fita, a ajiye sifana a duba. Ana son abu uku su dace: tsakiyar sanda ta dubi tsakiyar bakin akwati, fuskokin kunnuwan su yi daidai ba ɗaya ta karkata ba, ratar da ke tsakaninsu kuma ta zama kaurin faifan, ba sai an ja ko an tura ba. Gwajin mai sauƙi ne. In sabon faifai ya shiga, kusoshin nan 4 suka shige hudojinsu da turin yatsa, an dace. In sai an sa ƙarfe an banƙara kafin kusa ta shiga, ba a dace ba, kome ƙanƙantar banƙarar. Ƙaramar gocewa tana gyaruwa: a sassauta maɗaurin akwati a juya shi kaɗan a kan bututu har ya dubi sanda, ko a sassauta maɗaurin sanda a ƙarƙashin allon gaban direba, ko a gyara kafar da aka huda a karkace. Duk wanda ya taɓa mazaunin akwati kuwa, lalle ya kai a sake saita ƙafafun gaba, in ba haka ba tayoyin nan masu tsada za su cinye ta gefe ɗaya.

Babbar gocewa, irin ta motar da aka ɗaga, faifai ba ya maganinta. Ko dai a sauke bodi ya koma yadda ya ke, ko a sa 'yar gajeriyar sanda mai gaɓar ƙarfe biyu, irin gaɓar nan mai gicciye da ke jikin farfelar babbar mota, wadda ita aka yi domin juyi a karkace. Ita ma da ƙa'idarta. Gaɓa ɗaya in tana aiki a karkace ba ta juyi sumul, tana sauri tana lafawa cikin ko wane zagaye, sai an sa ta biyu an jera kunnuwansu a layi ɗaya sa'an nan ta biyun ta warware abin da ta farin ta ƙulla. In aka jera su a saɓe, direba zai ji sitiyari na tauri yana saki. Haƙoran gaɓar su dace da na bakin akwati, kusar matsewa ta ratsa ta cikin kwarmin da aka yi mata, ƙarshen sandar sama kuma a yi masa matallafi mai ƙarfi, tun da yanzu ba faifan da ke riƙe da shi. Wannan ba aikin gwaji ba ne, a kai wa wanda ya taɓa yi. Kuma ba aikin jajibiri ba ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wajen sayen faifai, ko a Magazin ko a Abossey Okai, nan kusa da Sabon Zangon Ankara, a tafi da tsohon a hannu a gwada hudojin. A duba zare a gefensa, a duba bututun ƙarfe, a lanƙwasa shi a gani ko fatarsa za ta tsattsage, domin akwai sabon da ya tsufa a kan kanta. Wanda aka ciro daga jikin wata mota kada a karɓa ko kyauta ne. Kusoshin su zama masu lamba 8.8 a bisa kansu, ba irin na kafinta ba, notunan kuma sababbi, masu ɗan zoben roba a baki da ke hana su warwarewa. Irin wannan noti sau ɗaya a ke ɗaura shi. A ɗaure su bi da bi har su zauna a kan bututun ƙarfen, ba sai an hau sifana da ƙafa ba.

Saura waya. A motocin shekarun 1960 akwai wata 'yar waya da ta biyo ta cikin sanda daga maɓallin ham, ta fito a ƙasa, ta tsallake faifan ta kama kusa ta ɓangaren akwati. Dalili kuwa, roba ba ta wuce da lantarki, saboda haka sai ta wayar nan ham ke samun hanyar komawa jikin mota in an danna. In aka manta da ita, ko aka maƙala ta a kusar ɓangaren sanda, ham ya mutu. In kuma wani ƙarfe ya haɗa sama da ƙasa, ham ya yi ta kuka ba mai taɓa shi. Faifan da aka yanko daga tayar zamani mai wayar ƙarfe a ciki ya kan jawo wannan, sai ka ga an kwana uku ana neman aljani a cikin wayoyin mota.

Kafin a mai da tanki, a ɗaga gaban mota da jak, a tokare ta da abin da ba zai zame ba, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali, ido na kan faifan. Kada ya yi rawa kamar faifan garmaho da rana ta lanƙwasa, kada kan kusa ya gogi kome, kada hannu ya ji wurin da ya fi wani tauri. A sauke ta, a sake kaɗawa da nauyinta a ƙasa. Sa'an nan a mai da tanki da sabon tiyo, a haɗa batir, a danna ham. Fitar farko a yi ta da sassafe a hanyar da ba jama'a, direba da fita kaɗai, ba yaro ko ɗaya a kujerar baya. Bayan mako guda a sake leƙawa da tocila, a ɗora sifana a kan notunan nan 4 a ji ko suna nan yadda aka bar su.

A fitowa mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga cikin akwatin sitiyarin kansa, mu ga 'yar kusar saiti da ke bisa murfinsa, wadda kowa ke son ya murɗa.